Me ya haɗa rigimar Amurka da Caina da buhun riɗina?

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne, ina noman masara da riɗi, da rani kuma ina ɗan saye da sayarwa a kasuwar Dawanau. Kullum muna ji a rediyo Amurka ta ƙara wa Caina haraji, Turai ta sa wa Rasha takunkumi, wannan ya yi wancan ya rama. Mu ba da mu ake yi ba, amma ga taki ya gagara, riɗi kuma shekarar da ka sa rai sai farashi ya karye. Shin da gaske rigimar manyan nan ce take taɓa mu, ko shugabanninmu ne kawai suke fakewa da ita? In kuwa da gaske ne, wa ya fi dacewa mu bi, Amurka ko Caina ko Rasha? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema.

Tambayoyi biyu ka yi: ko rigimar tana iso mu da gaske, da kuma wanda ya kamata mu bi. Ta farko amsarta e, tana iso mu, kuma zan nuna maka hanyoyin da take bi har ta shigo gonarka. Sai dai zarginka ga shugabanni bai faɗi ƙasa ba, domin irin dukan da muke sha ya danganta da halin da rigimar ta tarar da mu a ciki. Ta biyu kuwa, a ganina ba wanda za mu bi mu tsira muddin abin da muke kai wa duniya ɗanye ne, abin da muke sayowa sarrafaffe ne, kuma kuɗin da ke tsakani dala ce. Na daɗe ina aiki da masu fitar da kayan gona zuwa waje, ina duba musu takardun ciniki da lissafin kwantena, don haka ta ɓangaren kaya da farashi zan yi maka bayani.

Yadda taki ya gagara

Ɗauki buhun kamfa ka duba abin da ke cikinsa. Abu uku ne manya: yuriya, fosfet da fotash. Yuriya da iskar gas ake yin ta, kuma ita muna yi a gida, ga masana'antar Indorama a Fatakwal, ga ta Dangote a Lekki wadda aka ƙaddamar a Maris 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Fosfet daga Maroko muke samu, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a ƙarshen 2016 wadda ta sa aka riƙa sayar da buhu naira 5,500. Fotash kuwa ba mu da shi, sai an sayo, kuma Rasha da Belarus su biyu kaɗai suna riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na wanda ake sayarwa a kasuwar duniya.

Yanzu bi abin da ya faru daki-daki. A 2021 Turai da Amurka suka sa wa Belarus takunkumi, fotash ɗinta ya rasa hanyar fita ta tashoshin da ya saba bi. A ƙarshen shekarar Caina, wadda ke cikin manyan masu fitar da fosfet da yuriya, ta taƙaita fitarwa don ta kare manomanta. Sai Rasha ta afka wa Yukiren a ranar 24 ga Fabrairu 2022. Iskar gas ta yi tashin gwauron zabi a Turai, masana'antun taki da yawa a can suka rage aiki ko suka tsaya. Takin Rasha shi kansa ba a haramta sayensa ba, amma bankuna suka ji tsoron tura kuɗi, kamfanonin inshora da masu jiragen ruwa suka ja da baya. Najeriya ta kasa samun fotash ɗin da ta yi odarsa daga Rasha, sai daga Kanada aka sayo cikin gaggawa. Tan ɗin yuriya da bai kai dala 300 ba a 2020 ya haura dala 800 a farkon 2022. Kafin damina ta kankama buhun kamfa ya wuce naira 20,000 a kasuwanninmu.

Za ka ce to yuriyar da muke yi a gida fa? Mai masana'anta ɗan kasuwa ne. Idan Birazil ko Indiya za su biya shi da dala a farashin duniya, ba zai sayar maka ƙasa da haka ba sai in gwamnati ta cike masa giɓin ko ta ɗaure shi da sharaɗi tun lokacin da take ba shi gas. A nan ne laifin gida yake shigowa.

Alkama ma haka ta kasance. Rasha da Yukiren suna fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake cinikinta a duniya, mu kuma abin da muke nomawa a Kadawa da kwarin Haɗeja da sauran wurare bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muke ci ba. Burodi da taliya da fulawa duk suka tashi. Masar da Sudan sun fi mu jin jiki. Abin ya kai shugaban Tarayyar Afirka na lokacin, Macky Sall, ya je birnin Sochi na Rasha a Yunin 2022 ya roƙi Putin a bar hatsi da taki su fita. A Yuli Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka sasanta aka buɗe wa hatsin Yukiren hanyar fita ta Baƙin Teku, bayan shekara ɗaya Rasha ta janye. A watan da ta janye ɗin Indiya ta hana fitar da farar shinkafa, alhali ita ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake sayarwa tsakanin ƙasashe. Kowace ƙasa idan ta ga wuya cikinta take fara karewa, mai saye a bakin ƙofa shi ake bari da tsada.

Dala da kuɗin ruwa

Wannan hanyar ba a cika jin ta a rediyo ba, amma ta fi kowacce ciwo. Da tsadar kaya ta addabi Amurka, babban bankinta ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022, daga kusan sifiri har ya haura kashi 5 cikin 100 a tsakiyar 2023. Mai kuɗin da ya ajiye dukiyarsa a Legas ko Akara ko Nairobi don neman riba sai ya ga zai samu riba mai kyau a Amurka ba tare da fargaba ba, ya kwashe ya koma. Dala ta yi ƙaranci a wurinmu, ta yi tsada, bashin da aka ci da dala ya yi nauyi ko da ba a ƙara cin ko sisi ba. Sirilanka ta kasa biya a 2022. Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar shekarar, ta koma wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya ta karɓi dala biliyan 3. Habasha ta bi sahu a ƙarshen 2023.

Faɗuwar naira daga wajen 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024 tana da dalilai na cikin gida masu nauyi: shekarun da aka yi ana riƙe farashin canji da ƙarfi, buga kuɗi don cike kasafi, satar ɗanyen mai, da sakin naira da cire tallafin fetur a lokaci guda. Ba daidai ba ne a ɗora wa Amurka duka. Amma an saki nairar ne a daidai lokacin da kuɗin ruwa a Amurka ya kai matakin da bai kai ba cikin shekaru masu yawa, shi ya sa faɗuwar ta yi muni haka.

A maganar bashi ne za ka ga yadda gabar manya take cutar da ƙarami kai tsaye. Zambiya ta kasa biyan bashi a Nuwamba 2020. Tana bin hanyar da ƙasashe masu arziki suka tsara don sassauta wa matalauta, amma sai da ta kai Yunin 2023 kafin a cimma matsaya kan dala biliyan 6.3 da gwamnatoci ke bin ta, wanda kaso mafi tsoka na Caina ne. Caina tana cewa ba za ta yafe nata ba don a biya 'yan kasuwar Yamma da Bankin Duniya cif-cif, Yamma tana cewa ba za ta ba da sabon kuɗi ba don a biya Caina da shi. Duk tsawon wannan ja-in-ja asibitoci da makarantun Zambiya ne suke jira. Kuma ka da a ruɗe ka da cewa Caina ta sayi Afirka da bashi. Abin da take bin nahiyar bai kai na masu takardun bashi na Yamma ba, bai kai na bankunan ƙasa da ƙasa ba. A Najeriya Bankin Duniya ne kan gaba, na Caina wajen dala biliyan 5 ne, kuma da shi aka yi layin dogon Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan da madatsar Zungeru. Abin dubawa a kowane bashi shi ne sharaɗinsa, da kuma ko aikin da aka yi da shi zai iya biyan kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko daga gabas ladan ya zo ko daga yamma.

Wanda ke sayen riɗinka

Mu zo kan kayanka. Riɗin da ka ga ana lodi a Dawanau da Maigatari kaɗan ne ake ci a gida. Caina ce babbar mai saye a duniya, sai irin su Japan da Turkiyya. Farashin da dillali zai faɗa maka da safe an riga an yanke shi a wani wuri: nawa ne jibge a rumbunan tashar jiragen ruwa ta Qingdao a Caina, yaya damina ta yi a Sudan da Habasha da Tanzaniya da Indiya, nawa ne kuɗin kwantena, nawa dala take. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya girgiza ɗaya daga cikin manyan masu fitarwa, masu saye suka bazama neman madadi, kaya ya yi daraja, kuma faɗuwar naira ta ƙara kumbura farashin a idonmu. Mutane da yawa suka ɗauka haka za a ci gaba, suka cika sito.

Ga inda rigimar Amurka da Caina ta shigo. A 2018 da Trump ya ɗora wa kayan Caina haraji, Caina ta rama da kashi 25 cikin 100 a kan waken suyar Amurka, ta juya ga Birazil. Gwamnatin Amurka ta raba wa manomanta sama da dala biliyan 20 don rage musu asara, abin da manomin Jigawa ba zai taɓa gani ba. Tun daga nan Caina ta ƙudiri aniyar kada cikinta ya dogara da Amurka, ta ƙara ƙulla zumunci da Birazil. A Nuwamba 2024 da Xi Jinping ya kai ziyara can, cikin yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu har da buɗe kasuwar Caina ga riɗi da dawar Birazil. Manomin Birazil yana shuka riɗi a dubban kadada bayan ya cire waken suya, da inji yake shukawa, da inji yake girbi, kaya iri ɗaya, tsabta iri ɗaya. Kai da kake yankan naka da lauje kana kakkaɓewa a kan tabarma, yau da shi kuke takara a gaban mai saye ɗaya, kuma ba wanda ya shawarce ka.

Har ila yau akwai maganar harajin shiga. Caina ta daɗe tana yafe haraji ga kayan ƙasashen da ake lissafawa cikin mafi ƙarancin ci gaba, Nijar tana ciki, Najeriya ba ta ciki. Duk wanda ya yi harkar riɗi a kan iyaka ya san abin da wannan bambanci ya haifar, kaya yakan bi hanyar da takardarsa za ta fi araha. A Yunin 2025 Caina ta ba da sanarwar za ta yafe haraji ga duk ƙasashen Afirka 53 da ke da hulɗar jakadanci da ita. Ta yi haka ne watanni biyu bayan Amurka ta ƙaƙaba wa duniya nata harajin, kuma ba sai an faɗa maka dalili ba. Wannan dama ce ta gaske, sai dai yafe haraji ba ya wanke riɗi, ba ya cire masa yashi.

Ƙofar Amurka, da abin da ya sami masaƙu

A shekarar 2000 Amurka ta yi dokar AGOA, wadda ta ba kayan Afirka dubbai damar shiga ba haraji. Ƙasashe kaɗan ne suka ci moriyarta sosai: Kenya da Lesoto da Madagaska da Habasha a ɗinkin tufafi, Afirka ta Kudu a motoci. Mu ɗanyen mai muka yi ta turawa. Matsalar irin wannan dama ita ce kyauta ce, mai ita yana iya karɓewa duk ranar da ya so. Da Ruwanda ta ƙara haraji a kan gwanjo don ta raya masu ɗinkinta, Amurka ta dakatar da tufafinta daga tsarin a 2018. An cire Habasha a farkon 2022 saboda yaƙin Tigray, dubban 'yan mata masu ɗinki a Hawassa suka rasa aiki, su da ba su harba ko harsashi ɗaya ba. An cire Nijar a farkon 2024 bayan juyin mulki. A Afrilun 2025 Trump ya sanar da harajin kashi 50 cikin 100 a kan Lesoto, ƙaramar ƙasar da ɗinkin wandon jins ne babban aikin mutanenta. Daga baya an rage zuwa 15, amma kafin nan masu oda sun janye, masana'antu sun sallami ma'aikata, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rashin aikin yi.

Najeriya an sa mata 14 sannan 15, amma mai da gas ba sa ciki, don haka dukan kai tsaye bai yi yawa ba. Ta bayan gida ya zo: fargabar cewa cinikin duniya zai ja baya ta sa gangar mai ta sauko wajen dala 60 da 'yan kai, alhali an gina kasafin 2025 a kan dala 75.

Sannan kayan da Caina ta kasa shigarwa Amurka dole su nemi wata kasuwa, kuma Afirka na cikin inda suke kwarara. Wannan yana da fuska biyu, ba zan ɓoye maka ba. Farantin sola da injin ban-ruwa mai aiki da rana da babur da wayar Tecno sun shigo hannun talaka saboda arahar Caina, kuma mai noman rani da ya daina sayen fetur ya san amfanin haka. Amma wanda ke ƙoƙarin ƙera wani abu a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, da janareta da bashin banki mai ruwa kusan kashi 30 cikin 100, ba shi da yadda zai yi gogayya. Mun ga wannan a masaƙu. Caina ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disambar 2001, aka soke ƙayyade yawan tufafin da ƙasa za ta iya fitarwa a farkon 2005, atamfa mai araha ta malalo ta Kwatano da Maraɗi ta cika Kantin Kwari. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki tun 1957, suka rufe ɗaya bayan ɗaya, manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya rasa mai saye. Amma kafin atamfar Caina ta iso, rashin wuta da tsadar baƙin mai da tsofaffin injuna da fasa-ƙwauri sun riga sun kwantar da su. A can waje kuma tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana danne farashi, abin da ya sa Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka kai kuka taron Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Cancun ta Meziko a 2003. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar cinikayyar, inda ƙaramar ƙasa za ta iya kai babba ƙara, ta daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. Wannan rashi mu ya fi shafa, domin mai ƙarfi ba ya bukatar alƙali.

To wa za mu bi?

Dubi Nijar, domin a gabanmu abin ya faru. Tun farkon shekarun 1970 ake haƙar yuraniyom a Arlit, a 2022 kusan rubu'in wanda Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito, amma yawancin 'yan ƙasar ba su da wutar lantarki, wadda ake da ita ma a lokacin kaso mafi yawa daga Najeriya take zuwa. Fushin mutane a kan wannan fushi ne mai hujja. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sojojin Faransa suka fita, na Amurka suka bar sansanin Agadas, masu horarwa na Rasha suka iso, aka ƙwace lasisin mahaƙar yuraniyom ta Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa, daga baya aka mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙa a Arlit, mallakar ƙasa. Amma yuraniyom ɗin da aka haƙo ya daɗe jibge saboda iyakar Benin a rufe take. Man Agadem kamfanin Caina ne ya haƙo shi, shi ya shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, shi ya ba gwamnati dala miliyan 400 a 2024 a kan man da ba a sayar ba tukuna, kuma a 2025 su ma aka sami saɓani da su har aka kori wasu manyan jami'ansu. An sauya abokan hulɗa, amma har yanzu ɗanyen kaya ne ke fita ta ƙasar wani, a farashin da wani ya yanka.

Waɗanda suka amfana da gabar manya su ne waɗanda suka shiga da abin da suke so a hannu. Biyetnam da Meziko sun karɓi masana'antun da ke gudun harajin Amurka a kan Caina, har Meziko ta zarce Caina a sayar wa Amurka kaya a 2023, domin suna da wuta da tashoshi da ma'aikata masu horo. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a farkon 2020, ta ce mai so ya zo ya gina masana'anta. Turai ta kai ta ƙara, ba ta janye ba, kuma kuɗin da take samu daga kayan nikel ya haura dala biliyan 30 a 2022, ninkin-ba-ninkin na da. Sai dai yawancin masana'antun na 'yan Caina ne, da kwal suke aiki, sun ɓata ruwa da daji, kuma dabarar ta ci ne don Indunusiya ta fi kowa nikel a duniya, mai saye ba shi da wurin zuwa. Da Najeriya ta hana fitar da ɗanyen kaɗanya na wata shida a Agustan 2025, farashi ya faɗi nan take, matan karkara masu tsinta su suka fara ɗaukar asarar, tun da masana'antun da za su saye duka ba su wadata ba. Niyyar tana da kyau, amma masana'anta da wuta ake fara tanada kafin a rufe ƙofa.

Wasa da kowane ɓangare ma yana da iyaka. Indiya ta yi ta sayen man Rasha da rahusa tana kuma ƙawance da Amurka, sai ga shi a Agustan 2025 an ɗora mata harajin kashi 50 cikin 100, rabinsa hukunci ne kan man. In an yi wa Indiya haka, ƙasa ɗaya tilo a Afirka ba ta da bakin magana. Shi ya sa nake ganin babbar asararmu ita ce yadda muka kasa cin kasuwar junanmu. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi tsakaninsu wajen kashi 15 cikin 100 ne kawai na cinikinsu a rubuce. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a Yulin 2019, wata guda bayan haka ta rufe iyakokinta har zuwa Disambar 2020. A 2023 kuma aka sake rufe iyakar Nijar, albasa da dabbobi suka lalace a Illela da Jibiya da Konni. Wannan ba Amurka ba ce ta yi mana, ba kuma Caina ba.

Abin da ke hannunka

Ba mai iya faɗa maka farashin riɗi na kaka mai zuwa, domin sa hannun mutum ɗaya a Washington ko Beijing yana iya juya shi cikin dare, kuma shawarar da zan ba ka ba za ta kare ka daga faɗuwar naira ba. Za ta dai rage maka rauni.

Kada ka yi ajiyar riɗi da kuɗin bashi. Yawancin waɗanda na ga sun durƙushe a wannan harka ba a gona suka yi asara ba, a sito suka yi ta, sun saya da tsada da kuɗin mutane suna jiran tashin da bai zo ba. In za ka ajiye, ajiye abin da ko ya faɗi ba zai hana ka komawa gona ba, kuma ka riƙa sayarwa kashi-kashi. Idan ka ji farashi ya tashi, tambayi kanka ko kayan ne ya yi daraja a waje ko naira ce ta faɗi, domin in naira ce, ribar da ka gani taki da maganin feshi za su cinye ta kafin shuka. Saboda haka ranar da ka sayar da kaya, sayi takin baɗi a ranar ko a makon, lokacin da ba a rububinsa. Ka kuma rage dogaro da buhu: takin gargajiya, da juya masara da waken suya ko wake, suna rage yawan yuriyar da gona za ta nema.

Sai tsabtar kaya, wadda ita ce abin da ya fi ƙona min rai a wannan sana'a. Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari, irin fiya-fiyar da ake zubawa a buhu. Meziko, babbar mai sayen zoɓorodonmu, ta taɓa rufe ƙofa na shekaru saboda ƙwaron da aka samu a kaya, kuma Jigawa da Kano sun ji a jikinsu. Japan tana biyan kuɗi mai kyau a kan riɗi, amma tana gwada ragowar magani a kowane kaya. Na ga kwantenar da aka ƙi karɓa bayan ta yi makonni a teku saboda 'yan buhuna da wani ya fesa wa magani a sito, asarar ta bi ta kan mai fitarwa ta dawo kan dillali, shekara mai zuwa kuma mai sayen ya koma wata ƙasa. Ku haɗu ku goma ko ashirin, ku shuka iri ɗaya, ku shanya a kan leda ko tamfol, ku raba fari da ja, ku yi amfani da buhun da ba ya shan iska maimakon magani, ku nemi mai fitarwa kai tsaye ku yi magana da shi tun kafin shuka. Ku sa a rubuta nauyi da yawan danshi da yawan dattin da aka yarda da shi da ranar biya, kowa ya riƙe kwafinsa. In ƙungiyar ta yi ƙarfi, injin tacewa da na matse mai su ne abin da za ku fara saya, domin man riɗi da tunkuzarsa suna da masu saye a nan cikin gida da maƙwabta ko da jirgi bai tashi ba.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma sa a sayar da daraja.